Makin Kwamfutata da Tarin Baba

Shekarar da Baba ya kamu da tarin fuka ina koyar da ilmin sinadarai a wata makarantar 'yan mata a Gaya, ina zaune a gidan yayana da iyalinsa. Baba da Inna suna Toranke, a gidan da aka haife mu. Tarin ya faro ne lokacin girbin gero, muka ɗauka ƙaiƙayi ne ya shige masa maƙogwaro kamar yadda yakan yi masa duk kaka. Aka ɗaure geron aka kai rumbu, aka girbe dawa ma, tarin yana nan. Rigarsa ta Juma'a ta fara yi masa yawa. Yaya ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti, aka gwada kakinsa, aka ɗora shi a kan magani. Ya sha na watanni bai ji dama ba, sannan aka sake gwaji aka ce irin mai taurin kan nan ne, wanda ba ya jin maganin da aka saba bayarwa. Aka canza masa wasu magungunan, likita ya ce za a daɗe ana sha, kuma mu sa ido, domin suna iya taɓa ciki, suna iya taɓa ji.

Karatuna ya kai in fahimci abin da likitan yake nufi, amma bai kai in iya yin komai a kai ba. Idan aka tashi tara a makaranta, sauran malamai suna cin ƙosai suna hira, ni ina gefe da waya ina karanta abubuwan da suke hana ni cin abinci. A irin wannan karatun ne na ci karo da wani aikin sa-kai. Wasu masu bincike ne a wata ƙasa suke neman sabon maganin wannan cuta. Suna da sinadarai masu ɗimbin yawa da suke son gwadawa ta hanyar lissafi, su ga wanne zai iya kama ƙwayar cutar, amma ba su da kwamfutar da za ta ɗauki aikin duka. Sai suka yayyanka shi ƙanana suna rabawa duk wanda ya yarda ya ba da aron tasa. Za ka sa wata manhaja, ta karɓo guntun aiki, ta lissafa, ta mayar, a ba ka maki. Makin ba kuɗi ba ne, ba ya sayen komai. Akwai dai wani shafi da ake jera mutane, mai maki da yawa a sama.

Ina da tsohuwar laftof da na saya ta hannu lokacin da nake shekarar ƙarshe a kwaleji. Wuta ce babu, don a unguwarmu sai a yi kwanaki ba a kawo ba. Amma Yaya yana da shagon cajin waya kusa da tasha, shago ne na kwano, da sola a saman rufin. Da na yi masa bayani, abin da ya fara tambaya shi ne yaushe za ta fashe. A lokacin samarin gari kowa ya duƙufa yana dangwalar waya yana mainin, ana jiran ranar da za ta fashe, wato maki ya zama dala. Na ce masa wannan ba za ta taɓa fashewa ba. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce to wahalar ta mece ce. Na ce ta Baba ce. Sai ya janye wasu kwalaye a ƙarƙashin teburinsa ya yi wa laftof ɗin wuri.

Kullum in na taso daga makaranta sai in biya ta shagon, in haɗa ta da datar wayata, ta aika abin da ta gama, ta karɓo sabo. Sai in buɗe shafin in ga inda nake. Ina can ƙasa sosai. Waɗanda suke sama suna samun a yini guda abin da ba zan samu a shekara ba, don injinansu manya ne, wutarsu kuma ba ta ɗaukewa. Da farko ban damu ba.

Ranar Asabar nakan tafi Toranke. An ware wa Baba ɗakin da yake kusa da zaure, mai taga biyu, da kofinsa da kwanonsa daban, an hana jikoki shiga. Mutum ne mai son jama'a, wannan warewar ta fi tarin cin ransa. Wata Asabar sai na ba shi labarin laftof ɗin. Na ɗauka zai gyaɗa kai kawai. Sai na ga ya yunƙura ya tashi zaune. Ya ce ai gayya ce wannan, ya tambaye ni mutum nawa ne a gonar, kuma ni ce ta nawa. Da na gaya masa inda nake, ya ɓata fuska. Baba a zamanin ƙuruciyarsa shi ne yake fara kai kunyarsa ƙarshe in an yi gayya, makaɗi yana binsa a baya, kuma har ya tsufa bai daina ba da wannan labarin ba.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "ba a haife ki don ki zo ta ƙarshe ba. Ki ƙara mata wuta."

Inna tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ita ba ta ji daɗin zancen ba. Ta ce aikin da aka yi don Allah in aka fara ƙirga shi ana nunawa, tana tsoron kada ya zama riya, ladan ya zube. Baba ya ce ƙirgawar ce take sa samari su yi gumi, in ba makaɗi rabin gonar ma ba za a nome ba. Suka yi ta ja-in-ja, har tari ya sarƙe shi aka bar maganar. Amma ranar ya ci tuwonsa ya cinye, abin da ya daɗe bai yi ba.

Daga nan duk Asabar, kafin in gama gaishe shi zai tambaye ni mutum nawa na wuce. In na ce na wuce wasu, sai fuskarsa ta washe. A cikin manhajar akwai wurin da ake zaɓar yawan ƙarfin da injin zai bayar. Na kai shi ƙarshe, na roƙi Yaya ya riƙa kunna ta tun da ya buɗe shago har ya rufe. Ban gaya wa kowa ba, amma a zuciyata abubuwa biyun nan sun fara haɗewa. In makin ya hau sai in ji kamar Baba ya sami sauƙi. In sabis ya ƙi, ban iya aikawa ba, sai in kwana da faɗuwar gaba, in kira Inna da sassafe in tambaya ko ya tashi lafiya. Na san babu abin da ya haɗa su. Ni da nake koya wa yara kada su yarda da abin da ba su gwada ba. Sanin bai hana ni komai ba.

Da bazara ta shigo, shagon Yaya ya zama kamar tanda. Kwanon rufin yana ƙara in rana ta take, masu kawo caji ba sa iya tsayawa a ciki, sai su miƙo waya daga waje. A cikin wannan zafin ne makina ya tsaya. Laftof ɗin tana aiki, fankarta tana kuka, tana gamawa tana aikawa, amma lambar ba ta motsi. Na ɗauka jinkiri ne daga can. Bayan kwanaki na shiga wani sashe na shafin da ban taɓa buɗewa ba, inda ake nuna sakamakon kowane aiki. A gaban kusan duk abin da na aika tun farkon zafi an rubuta cewa ba daidai ba ne, an ƙi karɓa.

Na zauna a kan bencin shagon. Abin da ya faɗo mini shi ne, makonni ke nan ina aika lissafin ƙarya cikin binciken magani. Na san yadda ɗigo ɗaya a wurin da bai dace ba yake mayar da magani guba. Na riƙa hango wani tsoho a wata ƙasa, irin Baba, ana miƙa masa ƙwaya, a cikinta akwai kuskuren tsohuwar laftof ɗina.

A wannan makon ne kuma Inna ta kira ta ce Baba yana cewa kunnensa yana ƙugi, kamar ana kaɗa masa ƙarfe a ciki. Da na je Asabar, na yi sallama bai amsa ba, sai da ya ga inuwata a ƙofa. Ya tambaye ni mutum nawa na wuce. Na ce masa an daina ba ni maki, an ce lissafina ba daidai ba ne. Ya ce in maimaita. Na maimaita da ƙarfi. Ya zuba wa bakina ido, na gane rabin maganar ce ta isa gare shi. Magungunan da yake sha an yi su shekaru kafin in san da wannan aiki, likita kuma ya riga ya gaya mana za su iya taɓa ji. Duk da haka a hanyar komawa, a bayan babur, ina ta jin kamar ni na yi masa. A aji ranar Litinin wata yarinya ta yi tari a bayan aji, allin ya suɓuce daga hannuna.

Shafin yana da dandali inda masu aikin suke tattaunawa. Ban taɓa rubutu a ciki ba, ina jin nauyin Turancina a gabansu. Rannan na daure na rubuta. Na faɗi inda nake, da irin injina, da zafin garinmu, na tambaya ko kuskurena ya shiga cikin maganin, kuma in ya shiga yaya za a cire shi.

Amsar farko daga wani ce da yake can sama a jerin. Ya ce masu irin injina jinkiri kawai suke jawowa, don duk aikin da muka ɓata sai an sake ba wani, gara mu bar wa masu kayan aiki. Wata mata ta tare shi, ta ce wanda ya ba da yininsa duka daga ɗan abin da yake da shi ya fi wanda ya ba da ragowar da ba ya buƙata, kuma rashin adalci ne a ce awannin da na bayar ba a ƙirga komai ba. Ya kamata, in ji ta, a riƙa ba da maki a kan lokacin da mutum ya sadaukar. Wasu suka ce an taɓa yin kusan haka, mutane suka riƙa yaudara, suna sa injinansu su yi ƙaryar sun daɗe suna aiki. Wani ya ce makin ai abin wasa ne da aka ƙirƙira don kada mutane su gaji su tafi. Musu ya kaure a ƙarƙashin tambayata, kowa da abin da yake ci masa rai tun da daɗewa, babu wanda ya amsa abin da na tambaya. Na yi ta karantawa ina neman layi ɗaya da zai ce mini ban cutar da kowa ba.

Sai ranar Laraba, lokacin hutun tsakar rana, amsar ta zo daga wani dattijo da ya ce ya yi ritaya daga gyaran injina. Ya rubuta a natse. Ya ce kowane guntun aiki ba mutum ɗaya ake ba ba, ana aika shi ga injina daban-daban a wurare daban-daban, sai amsoshinsu sun zo ɗaya ake karɓa. Nawa da ya saɓa an jefar da shi tun a ƙofa, bai kai ga masu binciken ba, balle ga wani majinyaci. Ya ce hana ni makin ba hukunci ba ne, ita ce hanyar da suke da ita ta gaya mini wani abu ya lalace. Sai na karanta sakin layi na ƙarshe. Ya ce injin da ya fara kuskuren lissafi saboda zafi ya kai wani hali, kuma in laftof ce tsohuwa mai tsohon batir, in kashe ta yanzu, in duba ko ƙasanta ya kumbura, kada in bar ta a jone ba kowa a wurin.

Na kira Yaya, ba ta shiga ba. Na sake kira, ta shiga bai ɗauka ba. Aka buga ƙararrawa. Ina da darasi biyu a jere da 'yan ajin ƙarshe masu shirin jarrabawa, shugabar makaranta kuma tana zagaye. Na shiga aji da wayar a hannu, ina rubutu a allo ina kira a ɓoye. Ban san abin da na koyar ba ranar. Abin da yake raina kawai shi ne ƙarƙashin teburin nan, da kwalayen, da wayoyin mutane jere a sama, da mai sayar da fetur a galan da yake jingine da bangon shagon. Kafin darasi na biyu ya ƙare na ba su aiki, na ce wa malamar da take ajin kusa ta duba mini su, na fita na tari adaidaita.

Tun daga kwanar tasha na hango mutane a tsaye. Na sauka ban karɓi canji ba. Shagon yana nan, bai ƙone ba, amma wani wari mai ɗaci ya cika wurin, irin wanda yake kama maƙogwaro. A tsakiyar hanya akwai tulin yashi yana fitar da hayaƙi kaɗan-kaɗan, gefen laftof ɗin ya leƙo daga ciki, baƙi ƙirin, a narke. Mai shayin da yake maƙwabtaka da shagon ya ce mini Yaya ne ya ji wari, ya leƙa ƙarƙashin tebur ya ga tana hayaƙi tana huci. Bai tsaya neman tsumma ba, ya fizge ta da hannu biyu ya yi waje da ita, tana barin hannunsa ta kama da wuta. Su suka zuba mata yashi. Ya ce an kai shi kemis. Ina jin wasu a bayana suna cewa ai mainin ake yi da ita, wani ya ce a'a, ta 'yan damfara ce.

Na same shi a kemis ɗin, a zaune a kan benci, ana naɗe masa tafukan hannu. Gumi yana zuba daga goshinsa. Na durƙusa na ce, "Yaya, sannu. Na yi ta kiranka." Ya ce wayarsa tana cikin waɗanda suke caji, ya sa ta a shiru. Bai yi mini faɗa ba. Ya kalli hannayensa, ya ce a hankali, "Saura kaɗan in ja ƙofa in tafi azahar. Har na ɗauki kwaɗo."

Har yau ban manta da wannan maganar ba.

Ya yi makonni ba ya iya riƙe cokali, matarsa ce take ba shi abinci. Wani abokinsa ya riƙe masa shagon. Wasu masu kawo caji sun ɗauke ƙafa na ɗan lokaci, sannan suka dawo. Mun so mu ɓoye wa su Baba, amma labari ya riga mu zuwa Toranke ta bakin 'yan acaɓa. Da na je, sai da na matsa kusa da kunnensa na dama na ɗaga murya, don haka duk gidan suka ji bayanin tare da shi. Ya tambayi hannun Yaya, ya tambaya ko yatsun suna motsi. Ya ce shi ne ya ce in ƙara mata wuta. Na ce a'a, ni na ƙara. Can ya tambaya ko makin ma ya ƙone. Na ce yana nan inda ya tsaya. Ya ce shi dai har yanzu yana ganin an zalunce ni, domin wanda ya yini a rana ana ba shi fura ko da kunyarsa ta karkace. Inna ta ce a bar zancen makin nan haka, ɗanta ya kusa rasa hannuwa.

Na sha juya maganar a raina tun daga lokacin. Da masu aikin sun ci gaba da ba ni maki a kan lissafin da ya ɓaci, da ban taɓa tambaya ba, da ban san akwai matsala ba sam. Ta wannan fuskar sun yi daidai. Amma makin ne kuma ya sa na kai injin ƙarshen ƙarfinsa a cikin ɗakin kwano, don in sami abin da zan kai wa Baba ranar Asabar. Waɗanda suka tsara jerin ba su yi shi da sanin akwai shago irin na Yaya ba, suka sa mu a layi ɗaya da masu ɗakuna masu sanyi. Ban koma dandalin na gaya musu abin da ya faru ba, sai dattijon nan kaɗai na rubuta wa na yi godiya. Ya amsa ya ce ya yi baƙin ciki da bai ga tambayata da wuri ba.

Da muka kai wa likita maganar kunnen, aka cire ɗaya daga cikin magungunan aka sa wani. Baba ya ci gaba da sha har damina ta zo ta wuce, wata ta sake zagayowa. Aka gwada shi aka ce ya warke. Kunnen hagu bai dawo ba, na dama ya rage kaɗan. Ya koma zuwa gona, ko da yake yanzu zama yake a gindin bishiya yana nuna wa jikoki inda suka bar ciyawa. Aikin binciken kuma an rufe shi daga baya. Sun aiko wa kowa saƙon godiya iri ɗaya, na sama da na ƙasa, suka ce an miƙa wasu sinadaran ga ɗakin gwaji. Ban san abin da ya biyo baya ba.

Tafukan Yaya sun warke, da fari-fari a tsakiya inda fatar ta sake fitowa. Bai taɓa tayar mini da zancen ba. Sai dai tun daga ranar, in lokacin salla ya yi, sai ya bi wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya ya cire su daga caji, ya kashe komai, ya taɓa kowacce da bayan hannu kafin ya ja ƙofa. Masu wayoyi suna ƙorafi cewa yana ɓata musu lokaci, wasu har sun koma wani shagon. Yakan ba su haƙuri, ya ci gaba da cirewa.